Shekarar da Kifin Baƙin Gurbi Bai Farka Ba

Kada wani ya ga rubutu ya ɗauka malami ne ke magana. Aji biyu na yi a makarantar boko, na biyun ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Abin da na iya shi ne surutu, kuma a wurin kakata na gaje shi, Kaka Lami, wadda ta haifi mahaifina. Bambancin kawai, ita in ta yi magana akan tashi da abin tunani, ni kuwa in na yi akan tashi da ciwon kai.

Ƙauyenmu yana can bayan Kuyello, inda gonaki ke ƙarewa daji ya karɓa. A lokacin da nake ba da labarinsa Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba, ni kuma ban fi shekara goma sha ɗaya ba. Ɗakin Kaka shi ne na ƙarshe a gidanmu, jikin danga. Da an idar da sallar isha'i sai ta hura 'yar wuta a ƙofar ɗakin, ko da bazara ce, don ta ga zaren da take kaɗi, hayaƙin kuma ya kore mata sauro. Mu jikoki mu kewaye ta, ƙanwata Hanne kullum a jikin cinyarta. Ni maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce mata amarya.

"Maigida, yau ma ba cefane?"

"Amarya, haƙoranki nawa da za ki ci nama?"

"Sun ishe ni cizon kunnen miji marar amfani. Matso nan."

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta murza mazarinta a cinya ta ce, "Ga wata ta taso daga dawa, ƙafarta duk raɓa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo ta ji ɗumi." In ta kai ƙarshe ta karkaɗe zanenta ta ce, "Na sauke ta nan, kowa ya ɗebi rabonsa." Daga nan ko kuka za ka yi ba ƙari.

Amma a gari ba da tatsuniya aka san ta ba, da magimfa aka san ta. Wani ɗan itace ne mai ganye kamar an barbaɗa masa toka, tana da shi jere a bayan ɗakinta. Dangin uwarta Gbagyi ne, a wurinsu ta gaji shukar da aikinta. Duk shekara in bazara ta tsananta, rafinmu ya tsinke ya bar gurabu, sai mai unguwa ya sa ranar su, wato kamun kifin gayya, a Baƙin Gurbi, wanda ya fi kowanne zurfi. Kaka ce ke daka ganyen, ita ke auna shi da hannunta, ta zuba a kwando ta shiga ruwa tana jan sa a hankali. Jim kaɗan kifi ya bugu, ya taso yana layi kamar mai gyangyaɗi, gari duka a faɗa da homa da ƙwarya, 'yan masallaci da 'yan coci ba ka bambance kowa cikin laka. Dokarta biyu ce. Kifin da bai kai tafin hannun babba ba, ba a taɓa shi. Kuma kwana ɗaya ba a shayar da dabba a wurin. Washegari ruwa ya washe, ƙananan su farka su kama gabansu, su ne na baɗi. Kifin da aka banda ranar nan shi ke riƙe miyar gari har sabon hatsi ya shigo.

Ana nan sai auduga ta zo. Da ma muna da tamu 'yar kaɗan ta kaɗi, wannan dabam ce. Malamin gona ya shigo a kan keke da iri kyauta, ya ce masaƙun ƙasashen Turawa ke nema, ko nawa aka noma za su saya. Baba ne ya fara karɓa a garinmu, ya yanki rabin gonar dawarmu ya ba ta. Da lokacin girbi a kai ta kasuwar auduga, manyan motoci su kwashe, aka ce daga nan sai jirgin ƙasa, daga shi sai na ruwa. Bayan watanni kuma 'yan koli su zo da atamfa. Kaka ta shafa wata a kasuwa ta ce, "Ka ga 'yar gidanmu. Ta tafi fara, ta dawo da kwalliya, ko gaishe mu ba ta yi sai an biya."

Sabuwar audugar tana da tsutsa, tsutsar kuma tana da magani, shi ma daga can ya zo. Gwangwani ne mai rubutun Turanci gaba da baya, ba mai iya karanta shi a gidanmu. In an ɗiga shi a ruwa sai ruwan ya yi fari kamar nono, warinsa kuwa kamar kananzir da ya kwana a cikin akuya. Wata rana na raka Baba ya wanke famfon feshi a wani ɗan kwari, da muka juyo sai na ga 'yan kifi sun taso ciki sama. Na ce a raina, ashe Turawa ma suna da tasu magimfar, kuma tasu ta fi ta amarya sauri.

Ga abin da ke cina. A sun shekarar da ta wuce, kurungu ɗaya tal na kama, shi ma ya soke ni a babban yatsa na yi ta ihu a gaban 'yan mata. Shekara guda ana kirana Sarkin Ruwa. Akwai kuma wata tarwaɗa da ke ƙarƙashin dutsen gabas na gurbin, kowa ya san da ita, magimfar Kaka ba ta taɓa tayar da ita ba. Na ƙudura ni zan fito da ita, in ratsa gari da ita a kafaɗa.

Ranar su, da aka fito sallar asuba, na zare gwangwanin daga ƙarƙashin rumbu, akwai saura fiye da rabi. Na je na tuttule shi a gindin dutsen nan. A lissafina maganin zai tsaya a kusurwata ya jira ni, kamar ruwa yana da danga. Na cika gwangwanin da ruwan rafi na mayar inda yake, na zo na zauna ina shan koko kamar mutumin kirki.

Da hantsi Kaka ta shiga da kwandonta. Ba ta kai tsakiya ba ruwa ya fara tafasa da kifi. Manya da ƙanana, karfasa da kurungu, har gaiwa da ke kwana a laka, har kwaɗi da ƙaguwa. Mutane suka faɗa suna shewa, wai bana Lami ta yi abin kai. Ni na samu tarwaɗata, ta kai tsawon ƙafata, ko motsi ba ta yi ba da na rungume ta. Na waiga in ga ko amarya ta gan ni, sai na gan ta tsaye ruwa iya ƙugu. Ta ɗebo ruwan a tafin hannu ta shinshina.

"Ku fita," in ji ta. "Jama'a ku fita, wannan ba barci ba ne."

Wa zai ji ta? Kowa ƙwaryarsa ta cika.

Da yamma ta kira ni cin tuwo a akushinta kamar kullum. Na miƙa hannu, sai ta riƙe wuyan hannun ta kai hancinta. Ta tashi ta ɗebo toka da sabulun salo, ta wanke mini hannuwa har gwiwa, sau uku, tana bin ƙarƙashin farce da tsinke. Sannan ta ɗauki tarwaɗata da nake ta taƙama da ita ta kai bayan danga ta binne. Ta bi gida gida tana cewa kada a ci kifin. Wasu suka ji, da yawa suka ce tsufa ne.

Kafin gari ya waye rabin ƙauye na amai da gudawa. Hanne ta ci a gidan maƙwabta, kwana uku tana kwance idonta a juye. Allah Ya taƙaita ba a rasa rai ba. Ƙananan kifin da aka bari kuwa ba su farka ba, suka yi fari fat a bakin gurbi, wari ya hana mata zuwa ɗiban ruwa. Akwai wani Bafulatani, Sambo, da ke sauka da shanunsa a gonarmu duk rani. Inna yake ce wa Kaka, matarsa kan kawo mata man shanu a 'yar ƙwarya. Ya jira kwana ɗayan da doka ta ce, ya kai garkensa ruwa. Maruƙansa huɗu suka faɗi.

Mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa. Ina can bayan manya, na ji komai. Wani ya ce hannun Lami ya daina sanin awo. Wani ya ce ko ta haɗa da wani abin dangin uwarta ne, aka yi masa tsawa, amma maganar ta riga ta fita. Mai unguwa ya ce, "Iya Lami, ke kika sa ganye a ruwa. Akwai abin da za ki gaya mana?"

Ta dubi taron. Idonta ya bi ta kaina ya wuce kamar bai san ni ba.

"Ni na sa ganye," ta ce. "Abin da kuka yanke na ji."

Aka yanke a sare magimfar, kuma kada ta ƙara shiga ruwan su. Baba da kansa ya sare ta, yana yi yana sunkuyar da kai. Sambo ya kaɗa shanunsa ya yi yamma, ya bi ta ƙofar gidanmu bai ce Inna ba, bai ce sai wata rana ba.

Na ɗauka ranar ba za a hura wuta ba. Aka hura. Ta murza mazari ta ce ga wata ta taso daga dawa, muka amsa murya ƙasa ƙasa.

Ta ce a wani gari an yi yunwa, wata mata ta je bakin ruwa tana kuka. Uwar kifaye ta ji tausayinta, ta fito ta ba ta wani ganye ta ce, "Wannan zai sa 'ya'yana barci. Ki ɗebi manya ki ciyar da naki, ki bar mini ƙanana su farka." Aka yi shekaru a haka, ba a yi saɓani ba. Rannan sai ga wani falke daga bayan ruwan gishiri, shi ba abin da yake saye sai farin abu. Ya saye farin gari kaf, ya bar musu wata gora a toshe, ya yi musu dogon bayani da harshensa. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya, amma kowa ya gyaɗa kai don kada a ce bai waye ba. Falke ya hau jirginsa ya tafi, shi ba a rafin yake sha ba. Sai wani yaro mai son a yabe shi ya ɗauki gorar ya kai ruwa. Da gari ya waye uwar kifaye ta yi ta tashin 'ya'yanta, ba wanda ya motsa. Ta rikiɗa ta zama mace, ta yafa baƙin zane ta zo fada ta ce, "Wa ya ba 'ya'yana barcin da ba a tashi?" Sarki ya nuna mai ganye. Uwar kifaye ta ce, "Na san warin ganyena, wannan ba shi ba ne. Zan zauna nan bakin zaure har mai abin ya zo ya gaya mini da bakinsa."

Nan Kaka ta tsayar da tatsuniyar, ta ci gaba da kaɗi.

Hanne, da ba ta gama warwarewa ba, ta ce, "Sai aka yi yaya, Kaka?"

"Na manta sauran. Tsufa ne, ba ku ji an faɗa a fada ba? Wataƙila a cikinku akwai wanda ya san ƙarshenta."

Ba ta dube ni ba. Ba ta karkaɗe zane ba, ba ta ce ta sauke ta ba. Muka tashi haka nan.

Daga ranar, in ta yi mana tatsuniyoyin dariya biyu ko uku, sai ta dawo da wannan, ta kai bakin zaure ta tsaya. Sauran yara har suka gaji, suna cewa Kaka a canza. Wata rana da suka watse na tsaya ina tona toka da kara.

"Amarya, shi yaron nan na tatsuniya, in ya faɗa me za a yi masa?"

"Za a zane shi. Da kyau ma."

"In bai faɗa ba fa?"

"Ba za a zane shi ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, maigida. Zai girma."

Ni da wautata sai na ji daɗi. Na ce ashe ma akwai mafita.

Da damina Baba ya yi feshi da ruwan rafin da na ɗura masa, tsutsa ta cinye audugar tas, ya yi ta tsine wa maganin Turawa wai ba ya aiki. Ga rabin gonar dawa an ba auduga, ga ba bandar kifi, ga ba takin shanun Sambo. Shekarar mun sha miyar kuka tsura har ta fita ranmu. Matan da kan zo gaishe da Kaka da safe suka ragu, in ta bi hanya yara na rera mata waƙar tsohuwa mai kashe ruwa. Na taɓa fasa wa ɗaya baki a kan haka, aka ce kai, yaron nan yana son kakarsa. Damina biyu ta ƙara a duniya. Ranar da ta rasu ina daji ina harbin kurciya.

Yadda ta faɗa haka aka yi, na girma. Na zama yaron mota, kuma don Allah Ya nuna mini iyakata, auduga na yi shekaru ina lodi. Har Ikko na je, na ga jirgin da ke haɗiye ta, tsayinsa ya fi duk wata kuka da na sani. A wani sito na ga irin gwangwanin nan jibge, na roƙi wani akawu ya karanta mini abin da ke jiki. Ya bi da yatsa yana fassarawa: guba ne, a nesanta shi da yara, kada a wanke kayan feshi a rafi, kada a bari ya shiga ruwan da ake sha. Duk an rubuta. Gargaɗin ya ƙetare teku lafiya, ya hau jirgin ƙasa, ya hau keken malamin gona, ya kwana a ƙarƙashin rumbunmu wata da watanni, bai sami mai jin harshensa ba.

Na daɗe ina fakewa da wannan. In abin ya taso mini sai in ce laifin falke ne, shi da ya aiko wa mutane mutuwa da bayani cikin yaren da ba su ji. Har gobe kuma ban janye ba, yana da nasa kason. Waɗanda suka sa rigunan da aka saƙa da audugar Baba ba su taɓa jin warin Baƙin Gurbi ba, ba su san an yi wani Sambo ba, kuma ba a sa maruƙansa cikin kuɗin rigar ba. Amma sai da furfura ta fara fito mini na lura da wani abu. A tatsuniyar, uwar kifaye ba ta bi falke bayan ruwan gishiri ba. Ta san ba za ta same shi ba, in ta same shi ma ba zai gane ta ba. A bakin zauren garin ta zauna. Kaka ta san tsiyar da ta zo daga nesa ba ta da ƙafar shiga ruwa sai wani na gida ya ɗauke ta. Ta kuma san in ta buɗe baki, ɗanta da ya fara karɓar auduga da jikanta ne za su sha kunyar. Sai ta ajiye sunanta a madadin nawa, tana jiran in zo in karɓa. Kalma biyu ce, ni ne. Bulala goma ce, ko ashirin, da kafin sati na warke.

Na faɗa daga baya, kada a ce ban faɗa ba. Na koma garin ina dogara sanda. Itatuwan bakin rafi duk masu katako sun kwashe, aka ce su ma jirgi suke hawa, gurbin yashi ya cike shi saura ɗan kwatami. Bayan sallar la'asar na miƙe a ƙofar masallaci na ce jama'a a ba ni aron kunne. Na ce shekarar da kifin Baƙin Gurbi ya mutu, ba Lami ba ce, ni Tanimu ne na zuba maganin auduga.

Wani matashi ya ce, "Baba, wace Lami?"

Wani kuma, mai shagon maganin feshi a bakin kasuwa, ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai yanzu kowa da shi yake kamun kifi, in ma an samu kifin. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Aka shafa, kowa ya nemi takalminsa. Mai unguwan da ya yanke hukuncin, da Baba da ya riƙe gatarin, da Sambo, da matan da suka daina gaishe ta, duk sun tafi da abin da suka sani. Na daɗe tsaye a wurin ina jiran ko mutum ɗaya zai zage ni. Ba sauran wanda ya san ta da zai yi fushi dominta.